Lokacin Hutu Ya Zo: Ina Za Mu Kai Yaranmu A Katsina?

Duk lokacin da makarantu suka ba da hutu, ko na ƙarshen shekarar karatu, ko na Kirsimeti, ko na Sallah, tambaya ɗaya ce take damun iyaye a birnin Katsina da kewayensa: me za mu yi da yaran nan har a koma makaranta? Waɗansu sukan tura su ƙauye wurin kakanni. Waɗansu sukan sa su darasin hutu, inda ake maimaita musu abin da suka riga suka gaji da shi a aji. Waɗansu kuwa sukan ɗora musu talla. Mafi yawanmu dai mukan bar su gaban akwatin talabijin, ko kuma da wayar salula a hannu, tun safe har dare, muna jin daɗi tun da ba su fita yawo ba. Ra'ayinmu a wannan fili shi ne, akwai abin da ya fi haka, kuma ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Muna so mu fara da labarin abin da waɗansu iyaye suke yi a wata ƙasa, domin labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu ba tare da yawancinmu mun sani ba.

A ƙasar Ingila akwai wani wasan kwaikwayo na talabijin mai suna Doctor Who, wanda gidan BBC ya fara nunawa ran 23 ga Nuwamba, 1963. Labari ne ƙagagge na wani matafiyi da yake yawo a sararin sama, yana kuma iya komawa zamanin da ya wuce ko ya tsallaka zuwa zamani mai zuwa. Abin hawansa wata shuɗiyar rumfa ce irin wadda 'yan sandan Ingila suke buga waya a cikinta a dā, amma in aka shiga sai a tarar cikinta ya fi wajenta girma nesa ba kusa ba. Irin wannan labari shi ake kira ƙagaggen labarin kimiyya, wato tatsuniyar da aka gina a kan abin da ilimin kimiyya ya gano ko yake hasashen ganowa.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne, mutanen Ingila ba su tsaya ga kallon wasan a gida kaɗai ba. Sun tattara kayan da aka yi wasan da su, wato tufafin 'yan wasa, da dodannin ƙarfe, da kwatancin jiragen sama jannati, suka baje su a zaure domin jama'a su zo su gani. An yi irin wannan nuni a garin Blackpool na bakin teku daga 1974 zuwa 1985. An yi wani a birnin Kadif daga 2012 zuwa 2017. A 2022 kuma gidan tarihi na birnin Libaful ya buɗe wani, inda aka ajiye kayan wasan gefe guda, aka kuma bayyana ilimin kimiyya na gaskiya da yake bayan kowane labari. Magidanci yakan ɗauki iyalinsa a lokacin hutu, su yi tafiya mai nisa, su biya kuɗin shiga, domin kawai yara su ga waɗannan kaya ido da ido. A Amurka ma haka abin yake. Kwatancin jirgin da aka yi amfani da shi a wasan Star Trek, wanda aka fara nunawa a 1966, an miƙa shi ga gidan tarihin Smithsonian da ke birnin Washinton tun 1974, aka ajiye shi a gidan da ake ajiye jiragen sama na gaske.

Mun san abin da wani mai karatu zai ce: wannan ai aikin wanda ya ƙoshi ne, kuma abin dariya ne babba da gemunsa ya biya kuɗi don ya kalli kayan wasan yara. To, kafin mu yi dariya, bari mu ji inda labarin ya shafe mu.

Daga wajen 1967 zuwa 1978, gidan BBC ya riƙa goge faifan shirye-shiryensa na dā. Dalilin kuwa shi ne faifan bidiyo yana da tsada a lokacin, ga ƙarancin wurin ajiya, ga shi kuma ba wanda ya yi zaton wata rana mutane za su so sake kallon tsohon wasa marar launi. Sai a goge tsohon shiri a ɗora sabo a kansa. Ta haka aka yi asarar kashi-kashi masu yawa na Doctor Who. Amma kafin a goge, an riga an kwafi waɗansu a kan fim an sayar wa gidajen talabijin na ƙasashen waje, kuma Nijeriya tana cikin masu saye tun shekarun 1960. Da hankali ya dawo, sai aka shiga neman waɗannan kwafe-kwafe ko'ina a duniya. A watan Oktoba na 2013 aka ba da sanarwar cewa wani mai bincike, Philip Morris, ya gano gwangwanayen fim a ɗakin ajiya na wani gidan talabijin a Jos. A cikinsu akwai kashi 9 da aka daɗe da fid da rai da su, waɗanda aka nuna a 1967 da 1968. Jaridun duniya suka ɗauki labarin, aka gyara finafinan, aka sayar wa masu sha'awa. Ko bayan wannan, sauran kashi 97 suka rage ba a gano ba a lokacin.

Jama'a, mu duba wannan al'amari da kyau. Abin da masu shi suka yar, a nan Arewa aka tsince shi, kan kanta, cikin ƙura, bayan shekaru kusan arba'in. Bature ya taso tun daga ƙasarsa yana bin ɗakunan ajiyarmu ɗaya bayan ɗaya saboda ya san darajar abin da ya ɓace masa. Tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu ita ce, wane ne yake bin waɗannan ɗakuna domin neman namu?

Ai muna da namu, kuma ba kaɗan ba. An buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya a Ibadan ran 31 ga Oktoba, 1959. Na Kaduna ya biyo baya a 1962, na Jos a 1974, kuma na Jos ɗin ne ya fara watsa hoto mai launi a ƙasar nan. A 1977 aka haɗa gidajen a ƙarƙashin hukumar NTA. A cikin waɗannan shekaru ne aka yi wasannin da manyanmu har yau suke ba da labarinsu. Wa zai manta da Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, da Hausarsa ta bariki? Wa zai manta da Karkuzu na Jos, ko Ƙasimu Yero a cikin Ƙarambana da Magana Jari Ce? Mu a nan Katsina muna da ɗanmu Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda aka fi sani da Kasagi, mawallafin Kulɓa Na Ɓarna. A lokacin, gida ɗaya ne yakan mallaki talabijin a unguwa, yara su cika tsakar gida maƙil, waɗanda ba su sami wuri ba su leƙa ta taga. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017. Samanja ya rasu a 2023. Kowace shekara muna rasa waɗanda suka san yadda aka yi waɗannan ayyuka, da inda aka ajiye kayansu.

Shi kuma faifai ba ya jiran kowa. Fim in ya daɗe cikin zafi yakan fara wari mai tsami, ya ƙanƙance, ya karye. Kaset na bidiyo yakan yi danƙo ya manne, ko ƙura ta cinye shi. Ko da kaset ɗin ya tsira, injin da zai kunna shi yana neman gagara, gama kamfani na ƙarshe da yake ƙera injin bidiyo na VHS, wato Funai na ƙasar Japan, ya daina a 2016. Wanda ya san zafin bazara da ƙurar hunturu na ƙasar Katsina ba ya bukatar a gaya masa cewa kaset ɗin da aka ajiye tun 1985 yana bakin kabari.

Amma kada mu fid da zuciya, domin mun ga misali mai ƙarfafa gwiwa. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗauka ya ɓace. A 2016 aka gano shi cikin kayan ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi da taimakon wata cibiya ta birnin Balin a Jamus, aka kuma nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Da an ƙara 'yan shekaru ba a duba ba, da sai dai labari. Wannan ya nuna mana cewa abin da muke tsammani ya salwanta, sau da yawa yana nan yana jiran wanda zai buɗe ƙofa.

Wani zai ce, to, mun yarda a adana wasanninmu na dā, amma me ya haɗa mu da tatsuniyar sararin sama? Amsar ita ce, yaro ba ya fara son ilimi daga alƙaluman lissafi a kan allo. Yakan fara ne daga labarin da ya sa shi mamaki. A cikin wasan Star Trek akwai wata baƙar mace, Nichelle Nichols, wadda ta fito a matsayin jami'ar sadarwa ta jirgin, da sunan Uhura, sunan da aka ɗauko daga kalmar Swahili mai ma'anar 'yanci. A lokacin nan da wuya a ga baƙar mace a talabijin na Amurka in ba a matsayin 'yar aikin gida ba. Wata yarinya mai suna Mae Jemison tana cikin masu kallo. Ta girma ta zama likita, ta yi aiki a Saliyo da Laberiya daga 1983 zuwa 1985, sa'an nan a watan Satumba na 1992 ta zama baƙar mace ta farko da ta je sararin sama. Ita da bakinta ta sha faɗa cewa ganin Uhura yana cikin abubuwan da suka ba ta ƙarfin zuciya. Hukumar binciken sararin sama ta Amurka, NASA, ita ma ta gane haka, shi ya sa a 1977 ta nemi Nichelle Nichols ta taimaka wajen jawo mata da baƙaƙen fata su nemi aikin. Wasan dai ƙagagge ne, amma likitar da ya taimaka ya fitar ta gaske ce.

Kada kuma mu ɗauka irin wannan labari baƙo ne ga Hausa. A 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara sa ƙafa a kan wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga littafin Umaru Dembo mai suna Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin wani yaro, Kilba, da aka ɗauke shi aka zaga da shi sararin sama. Ɗalibai da yawa sun karanta shi a makaranta. Tun kafin wannan ma, Abubakar Imam, wanda ya yi karatu ya kuma koyar a nan Katsina, ya nuna da Ruwan Bagaja a 1934 cewa Bahaushe yana son labarin tafiya zuwa inda ba a taɓa zuwa ba. Ahmadu Ingawa ma ya ba mu Iliya Ɗan Maiƙarfi. Kakanninmu mata kuwa, da suke tara mu da dare suna ba mu labarin Gizo da Ƙoƙi, sun riga kowa sanin cewa da tatsuniya ake buɗe kan yaro.

Haka nan duban sama ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Manomi da makiyayi da fatake sun san Zara, sun san Gamzaki, sun san Kaza da 'Ya'yanta, kuma da taurari suke gane shigowar damina da wucewarta. A ƙarni na 18 birnin nan ya fitar da malami, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da ilimin taurari, wanda ya tafi aikin hajji, ya rubuta littafi a 1732 a kan yadda ake jera lambobi cikin gidaje ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Masu nazarin tarihin lissafi a jami'o'in duniya suna ambaton sunansa har yau. Ga misali mai sauƙi da kowane uba zai iya gwadawa da yaransa: a zana gidaje 9, uku-uku, a jera lambobi daga 1 zuwa 9, ta yadda ko a tsaye, ko a kwance, ko a karkace aka tara, za a sami 15. In an ƙware, a gwada gidaje 25, inda jimlar za ta zama 65. Yara nawa ne a makarantunmu suka taɓa jin cewa mutumin garinsu ya yi fice a wannan fanni kusan shekaru 300 da suka wuce?

Mu tuna kuma da ranar 29 ga Maris, 2006, lokacin da aka yi husufin rana cikakke, inuwar wata ta ratsa ta Gusau da Katsina, gari ya yi duhu da hantsi na 'yan mintoci. Masana sun faɗi ranar da sa'ar tun shekaru da dama kafin ta zo, gama lissafi ne: wata yakan shiga tsakanin rana da duniya, inuwarsa ta faɗo mana. Baƙi sun zo daga nesa domin su gani, alhali mu a ƙofar gidanmu aka yi. Da muna da wurin da zai bayyana wa yara abin da ya faru, da wannan rana ɗaya ta haifar mana da masana kimiyya masu yawa. Ita ma tauraruwa mai wutsiya da ake kira Halley, wadda ta bayyana a 1986, lissafi ya nuna za ta dawo a 2061. Yawancinmu masu rubutu da masu karatu ba za mu kai ba, amma yaron da yake firamare yau zai gan ta in Allah ya ba shi tsawon rai. Da wane ido zai dube ta, na tsoro ko na sani?

Wurin da za a yi wannan aiki kuwa yana nan, ba sai an gina sabo ba. Gidan tarihi na ƙasa da yake cikin birnin Katsina yana zaune ne a tsohon ginin Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922. A cikin waɗannan ɗakuna na ƙasa ne Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kashim Ibrahim da Isa Kaita da Abubakar Imam suka yi karatu, kafin a mai da makarantar Kaduna a 1938, daga baya kuma Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. Ga hasumiyar Gobarau, mai tsawon wajen mita 15, wadda ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye. Ga Durɓi Ta Kusheyi kusa da Mani, inda aka tono kayayyakin sarakunan dā a 1907 da kuma 1992. Ga rijiyar Kusugu a Daura. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah, mu da muke zaune a garin nan, yaushe rabon da mu kai yaranmu ɗaya daga cikin waɗannan wurare? Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma mun bar yaranmu da ji kaɗai, wani lokaci ma ko jin babu.

Saboda haka muna ba da shawara ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, da gidajen talabijin na NTA Katsina da KTTV, su haɗa kai su shirya nuni na musamman a kowane dogon hutu. A keɓe ɗaki ɗaya domin tarihin rediyo da talabijin a Arewa: tsofaffin kyamarori, da akwatunan talabijin marasa launi, da injin majigi, da tufafin 'yan wasa, da hotunansu, tare da allo da za a riƙa nuna abin da aka samu na tsofaffin wasanni. A keɓe ɗaki na biyu domin sararin sama: sunayen taurari da Hausa, da tarihin al-Katsinawi, da littafin Umaru Dembo, da bayanin husufi, da kwatancin tauraron ɗan Adam na farko da Nijeriya ta mallaka, wato NigeriaSat-1, wanda aka harba daga ƙasar Rasha a watan Satumba na 2003. Malamai da ɗaliban kimiyya na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Al-Qalam, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, za su iya zuwa su yi wa yara bayani da Hausa, su kuma kafa madubin hangen nesa da yamma domin a ga ramukan da suke fuskar wata. Maƙeranmu da masu walda da kafintoci kuwa, waɗanda kullum suke ƙera abin mamaki da tarkacen ƙarfe, ba za su kasa yin kwatancin roka ba.

Kafin wannan, akwai aikin gaggawa. Kowane gidan talabijin da rediyo ya buɗe ɗakin ajiyarsa, a ƙirga abin da yake ciki, a rubuta, a juya shi zuwa kwamfuta, a kuma ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. A nemi tsofaffin ma'aikata da suka yi ritaya a ɗauki muryoyinsu tun suna da rai. Iyalan 'yan wasan da suka rasu kuma, muna roƙonsu kada su zubar da takardu da hotuna da kaset ɗin da iyayensu suka bari. Abin da yake kama da tarkace a ɗakin baya, wata rana shi ne za a zo nema da fitila.

Mun san akwai masu ƙorafi, kuma ƙorafinsu ba na banza ba ne. Na farko za su ce, a jihar da 'yan bindiga suka hana mutane noma, ga tsadar abinci, wa yake da lokacin nuni? Ba mu manta ba cewa a watan Disamba na 2020 aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, kafin a sako su bayan kwanaki. Wannan rauni ne da bai warke ba. Amma mu lura, makarantar kimiyya ce aka kai wa hari, kuma babbar asarar da irin wannan ta'asa take jawowa ita ce iyaye su ji tsoron karatu, yara kuma su daina sa rai da gobe. In muka ce sai an gama da kowace matsala kafin mu ba yara abin da zai sa su yi marmarin ilimi, to, za mu jira har su tsufa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuɗin da za a kashe a gyara ɗakuna biyu kuwa bai kai na biki ɗaya na wani babban mutum ba.

Na biyu za su ce, waɗannan wasanni na Turawa suna ɗauke da ɗabi'un da ba namu ba, kuma ƙarya ce tsagwaronta. Gaskiya ne ba kowane shiri ne ya dace da yara ba, kuma hakkin iyaye ne su tace. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: yaranmu sun riga suna kallon abin da ya fi wannan muni a cikin waya, su kaɗai, ba mai yi musu bayani. Maganin wannan shi ne babba ya zauna tare da yaro, ya nuna masa inda tatsuniya ta tsaya da inda gaskiya ta fara. Nuni mai kyau aikin da yake yi ke nan. Yaron da ya ga cewa dodon da ya tsorata shi a talabijin kwali ne da roba da fenti, kuma mutum ne a ciki yake motsa shi, ya koyi darasin da zai amfane shi har girma, wato kada ya gaskata duk abin da ya gani a allo. A wannan zamani da ake haɗa hoton ƙarya da muryar ƙarya a watsa ta intanet domin a haddasa fitina tsakanin jama'a, wannan darasi ba ƙarami ba ne.

Akwai kuma wata riba da ba a cika ambata ba. Wuraren da yaran Musulmi da na Kirista, 'ya'yan masu hali da 'ya'yan talakawa, suke haɗuwa a matsayi ɗaya suna ta raguwa. Makarantu sun rabu, unguwanni ma suna rabuwa. A dā, tsakar gidan mai talabijin ita take tara kowa, ana dariyar Samanja tare ba a tambayi sunan uban kowa ba. Zauren nuni zai iya mayar mana da kaɗan daga cikin wannan zumunci, gama wata ɗaya ne yake haskaka Sabon Gari da cikin birni.

Daga ƙarshe, ya ku iyaye, kada mu zauna jiran gwamnati. A hutun nan mai zuwa, kowane magidanci ya keɓe yini ɗaya ya kai iyalinsa gidan tarihi da Gobarau. Ƙungiyoyin mata da na matasa, da shugabannin makarantu, su haɗa kuɗin mota su kai yaran da iyayensu ba su da hali. A nemo Tauraruwa Mai Wutsiya da Ruwan Bagaja a karanta wa yara da dare. In an ɗauke wuta, maimakon mu yi ta gunaguni, mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida mu nuna musu Zara da Kaza da 'Ya'yanta, mu bar su su yi tambaya, in ba mu san amsa ba mu nemo tare. In jama'a suka fara cika gidan tarihi, hukuma za ta ga dalilin gyara shi, gama ba a yin shara a ɗakin da ba mai shiga.

Allah ya ba shugabanninmu kunnen ji, ya ba mu zaman lafiya a Katsina da Nijeriya baki ɗaya, ya kuma albarkaci yaranmu da ilimi mai amfani.